Aikatau a Kan Takarda Mai Wata Uku

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya zauna yana lissafin hajar da fatake ke saukewa a kasuwar Kurmi. Cikin kayan da ya ƙirga har da wata takarda mai araha da ake kira tre lune da Italiyanci, wato wata uku, domin in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. A arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, a yankin da ke kewaye da birnin Venis, kuma gidan da ya fi shahara da ita a ƙarni na 19 shi ne na iyalan Galvani a Pordenone. Jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus, raƙuma su ɗauko ta Gadamas da Gat da Agadas, har ta iso hannun Larabawan Dandalin Turawa. Barth ya lura cewa da ita ake naɗe turkuɗi da sauran tufafin rini. Abin da bai tsaya a kansa sosai ba shi ne, malaman birni ma da ita suke kwafar littattafai. Har yau wanda ya sami tsohon littafin hannu a gafakar kakansa a Madabo ko Kabara, in ya ɗaga ganye ɗaya a haske, ba mamaki ya ga watannin nan uku.

Ke nan shekaru da yawa ana juya aikatau na Larabci a cikin ganuwar Kano a kan takardar mutanen da su ma harshensu ya yi suna wajen juya aikatau, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Shi ɗin ne ake kira tasrifi: ka ɗauki kalmar aiki guda, ka bi da ita kan mai magana da wanda ake yi wa magana da wanda ba ya nan, namiji da mace, tilo da jam'i, jiya da yau da gobe, tabbas da shakka da fata. Harsuna uku ne suka haɗu a wannan labari. Biyu sun daɗe da jadawalinsu. Na ukun, wanda da shi ake koyar da na farko a zaure, shi ne ya makara, kuma makarar tasa tana binmu har cikin wayoyin da ke hannunmu.

Bari mu fara da na baƙon, tunda shi mai karatu bai saba da shi ba. Aikatau na Italiyanci gida uku ne, ana gane su daga wutsiyarsu: masu ƙarewa da -are kamar parlare, yin magana, masu -ere kamar credere, gaskatawa, da masu -ire kamar dormire, yin barci. Latin, kakan harshen, gida huɗu gare shi, biyu suka haɗe a hanya. Wutsiyar ce ke ɗauke da komai: parlo ina magana, parli kana magana, parla yana magana, parliamo, parlate, parlano. Saboda haka Ba'italiye ba ya bukatar cewa ni ko kai, kalmar ta riga ta faɗa. Littattafan makaranta suna raba tsarin zuwa yanayi bakwai da lokuta 21. Akwai yanayin ba da labari, wanda shi kaɗai ke da lokuta takwas. Akwai congiuntivo na fata da shakka da buri, akwai condizionale na "da a ce", akwai umarni, sai uku da ba su nuna mai aiki. In ka ware waɗanda ake haɗawa da avere ko essere, aikatau ɗaya yana da siffofi wajen hamsin da yaro zai haddace. Sannan ga masu taurin kai: andare, tafiya, ya ce vado a ni, ya koma andiamo a mu, kamar mutum biyu suna karɓa sallama da suna ɗaya.

Ɗalibin zauren Kano ba zai tsorata da wannan ba, don ya ga wanda ya fi shi.

Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da Musulunci da salla. Amma a zamanin Yakubu ɗan Abdullahi Barja, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, littafin ya ambaci zuwan Fulani daga Mali da littattafan tauhidi da na ilmin harshe, ya kuma ce kafin nan abin da malamai ke da shi, bayan Alƙur'ani, fiƙihu ne da hadisi. Wannan ɗan bayanin shi ne mafi tsufan alama da muke da ita ta lokacin da nazarin harshe ya zama fanni mai zaman kansa a birnin. Bayansa ne Rumfa ya hau, Almagili ya zo, karatu ya ƙara tushe.

Littattafan da suka zauna daram a manhajar zaure ba na Makka ko Bagadaza ba ne, yawancinsu daga yamma suka fito. Ajuruma ta Ibn Ajurrum ce, mutumin Fas da ya rasu a 1323. Alfiyya ta Ibn Malik ce, haifaffen Jayyan a Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274. Shi dai Ibn Malik ɗin ne ya tsara Lamiyyatul Af'al, baiti 114 duk a kan aikatau, kowane baiti yana ƙarewa da harafin lam, kuma ita ce ƙofar da ɗalibai da yawa ke shiga sarafu ta cikinta, sau da yawa tare da sharhin Bahraƙ mutumin Hadramaut. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya zo lissafa abin da ya karanta a hannun malamansa, ya ambaci Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada da Alfiyya. Daga baya shi kansa ya zauna ya tsara Hisnur Rasin a kan sarafu, baiti wajen dubu, da Bahrul Muhiɗ a kan nahawu wanda ya ninka shi girma. Ya rasu a 1829, shekaru 22 kafin Barth ya zo yana ƙirga takardu a Kurmi. Mutumin da ya yi yaƙi, ya yi waziranci, ya riƙe rabin daula, ya ga cewa juya aikatau ya cancanci baiti dubu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin fannin a idonsu.

Dalilin ba ado ba ne. A Larabci wasali ɗaya ke raba mai duka da wanda aka doka: ɗaraba ya doka, ɗuriba an doke shi, kuma a rubutu maras wasulla kamarsu ɗaya. Alƙali ko mai fatawa da ya kasa rabe su zai iya ɗora hukunci a kan wanda aka zalunta. Shi ya sa ko a zaurukan da suka yi suna da fiƙihu, kamar na Madabo, ba a ɗaukar mutum ya ƙoshi sai ya bi ta nahawu da sarafu.

Yadda Larabawa suka tsara fannin abin sha'awa ne ga duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta, kuma a nan sana'ata take sa ni tsayawa. Ba su ce a haddace kowace kalma ita kaɗai ba. Sun ɗauki haruffa uku, fa da ain da lam, suka mai da su ma'auni, kamar gurbi uku da za ka zuba kowane tushe a ciki. Fa'ala, af'ala, tafa'ala, infa'ala, istaf'ala: kowane ma'auni ƙira ce mai ma'anarta. Zuba gain da fa da ra a ma'aunin farko ka sami gafara, ya yafe. Zuba su a istaf'ala ka sami neman yafiya, wanda ya zama istigfari a bakinmu. Daga tushe ɗaya na ha da kaf da mim Hausa ta kwaso hukunci da hikima da hakimi da hukuma. Aikatau mai haruffa uku babi shida ne, gwargwadon wasalin tsakiya a maɗi da mudari'i: nasara yansuru, ɗaraba yaɗribu, fataha yaftahu, alima ya'alamu, karuma yakrumu, hasiba yahsibu. Kowane ɗaya kuma a bi da shi kan lamirai goma sha huɗu, har da na mutum biyu wanda babu shi a Italiyanci, babu shi a Hausa. Wurin da abin ya fi burge ni shi ne babin haruffa masu rauni. Me ya sa ake cewa ƙala ba ƙawala ba? Ɗalibi zai amsa maka cewa wawun ta yi motsi, harafin da ke gabaninta yana da fataha, sai aka juya ta alifi. Wannan sharaɗi ne da sakamako, irin wanda muke rubuta wa na'ura: in kaza da kaza suka haɗu, yi kaza. Italiyawa in suka zo kan masu taurin kai sai su jera su a ƙarshen littafi su ce a haddace. Malaman sarafu ba su yarda da haka ba, sai sun nemo wa kowane karkataccen aikatau doka, ko da dokar za ta fi kalmar tsawo.

To amma da wane harshe ake wannan karatu? Da Hausa. Ɗalibi ya zo da littafinsa bayan asuba ko bayan la'asar, ya durƙusa, ya ja jimla, malam ya fassara kalma bayan kalma. A cikin wannan fassara wata Hausa ta musamman ta girma, wadda kowa ya san ƙamshinta in ya ji ta a wa'azi. In ƙad ta zo kafin maɗi sai a ce "haƙiƙa". Saufa kuwa "da sannu" ce: saufa yazhabu, da sannu zai tafi. Kana tare da mudari'i ta zama "ya kasance yana". Na mutum biyu a ce "su biyun". Wanda ba a ambaci mai aikinsa ba a ce "an" ko "aka". Zaidu ya shekara ɗaruruwa yana dukan Amru a zaurukan Sanka da Koki da Zangon Barebari, ba wanda ya raba su. Mafi kyau duka shi ne addu'a. Balarabe yana yin addu'a da siffar abin da ya wuce, rahimahullah, a zahiri kamar rahamar ta riga ta sauka. Ba malamin da ya taɓa fassara ta da labari. Ya san cewa a Hausa gurbinta shi ne "Allah ya ji ƙansa" da gajeren ya mai sauka ƙasa, siffar fata. Ba'italiye ma a nan congiuntivo yake ɗaukowa, ya ce Dio ti benedica. Wato malaman nan kullum suna auna lokutan Larabci da na Hausa a kansu, sun san inda suka dace da inda suka saɓa, sani na mai aiki da abu. Sai dai alƙalaminsu na nahawu Larabci ya yi wa hidima. Sun rubuta waƙoƙi da wasiƙu da Hausar ajami, amma kalmar nahawu a bakinsu sunan ilmin Larabci ce.

Wannan ba laifin Kano ba ne, haka abin yake ko'ina aka sami harshen littafi a sama da harshen gida. A Italiya ta zamanin Dante, wanda ya rasu a 1321, in an ce gramatica Latin ake nufi. Harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Filorens ana ganinsa abu ne maras doka, kowa da yadda uwarsa ta koya masa. Wajen 1440 Leon Battista Alberti, wanda aka fi sani da zanen gine-gine, ya rubuta ɗan ƙaramin nahawun harshen garinsu don ya nuna cewa shi ma yana da ƙa'ida kamar Latin, amma littafin ya zauna a rubutun hannu. Na farko da aka buga shi ne na Fortunio a 1516, sai na Pietro Bembo a 1525, wanda ya yanke hukuncin da ya ɗaure harshen har yau: ma'auni shi ne harshen Filorens na ƙarni na 14, na Petrarka a waƙa da Bokacciyo a zube. Ƙungiyar Crusca ta kafu a 1583, ta fitar da ƙamusunta a 1612. Duk da haka jadawalin ya daɗe a takarda kafin ya sauka bakin talaka. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin da Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, kashi biyu da rabi cikin ɗari ne kawai ke iya harshen. Wasu masana sun kai shi wajen kashi goma. Makarantar dole da aikin soja da rediyo da talabijin ne suka ƙarasa aikin. Tsakanin 1960 da 1968 wani malamin firamare, Alberto Manzi, yana koyar da manya karatu ta talabijin, irin yaƙi da jahilcinmu na shekarun 1950.

A tashoshin jiragen ruwan da takardarmu ke bi, Tarabulus da Tunis da Aljiyas, Italiyanci ya yi wata rayuwar dabam. Matuƙa da fatake da bayi da masu fansarsu sun ƙirƙiri harshen ciniki da ake kira lingua franca, yawancin kalmominsa na Italiyanci da Sifaniyanci, aka yanke wa aikatau wutsiyoyin nan hamsin aka zubar. Mi andar, ti andar: lamiri a gaba, kalmar aiki ba ta motsi. An buga ɗan ƙamusunsa a Marsel a 1830. Bahaushe in ya ga wannan zai ji kamar ya san ginin, domin a sama-sama haka namu yake. Amma a sama-sama ne kawai. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu, hanyar Sahara ta shiga mutuwa, haja ta juya ta teku.

Nahawun Hausa na farko a buge ya fito ne daga hannun Turawan mishan. J. F. Schön ya fitar da nasa a 1862, yana dogara sosai da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Turai. C. H. Robinson ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya yi 'yan watanni, ya buga nasa a 1897. Mutane ne da aka rena da jadawalin Latin da Girkanci, don haka suka zo suna neman wutsiya a jikin aikatau. Ba su kuma sa karin sauti a rubutunsu ba, alhali rabin tsarin a can yake. Sai a 1934, da babban ƙamusun G. P. Bargery da aikin R. C. Abraham, aka fara ganin Hausa a takarda da hawa da saukar muryarta yadda ya kamata. A shekarar ne kuma aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Kafin ita akwai ta Shahuci tun 1928. A irin waɗannan azuzuwa sarafu ya bar tabarma ya hau allon bango, littattafan Masar masu darasi da aikin gida irin su Nahawul Wadihi suka shigo gefen Ajuruma.

Abin da aka gano daga ƙarshe shi ne Hausa ta raba aikin gida biyu. Lokaci da yanayi ba a jikin aikatau suke ba, suna jikin ɗan lamirin da ke gabansa, wanda malaman Hausa suka raɗa wa zagin aikatau, kamar zagin da ke gaban dokin sarki. Mun tafi, muka tafi, muna tafiya, muke tafiya, za mu tafi, ma tafi, mukan tafi, mu tafi: jeri takwas, kowanne da lamirai tara, har da "an" na wanda ba a ambata ba. Kuma rabon bai bi na Turai ba. Italiyanci yana da shuɗaɗɗen lokaci na kusa da na nesa, ho parlato da parlai, mutanen arewa sun fi amfani da na farko, na kudu sun riƙe na biyu. Mu kuma bambancin "mun zo" da "muka zo" ba ruwansa da nisan lokaci. Ka ce "mun zo jiya", amma in ka ja jiya gaba don ka ƙarfafa ta dole ka ce "jiya muka zo". In ka yi tambaya, "yaushe kuka zo?" In kana jera labari, "muka tashi, muka kama hanya". Yaro ɗan shekara huɗu a Jakara ba ya kuskuren wannan, amma ka tambayi mai digiri dalili ka ga ya yi shiru.

Akwai wurin da harsunan biyu suka yi dabara iri ɗaya, kowa a gidansa. Latin yana da siffar lokaci mai zuwa, cantabo, zan rera, amma ta ɓace. Mutane suka koma cewa cantare habeo, ina da rerawa a kaina, har kalmomin biyu suka narke suka zama canterò. Shi ya sa wutsiyoyin canterò, canterai, canterà, canteranno suke kama da ho, hai, ha, hanno na aikatau avere. Mu kuwa daga tafiya muka samo namu. "Za ni kasuwa", "ina za ka?": wannan za ɗin ita ce ta zama alamar gobe, kuma shaidar tana nan a fili, don ita kaɗai ce a jerin nan takwas take zuwa kafin lamiri, kamar yadda take yi in tana nufin tafiya ta gaske.

Gida na biyu shi ne jikin aikatau kansa, kuma F. W. Parsons, tsohon jami'in mulki da ya koma koyar da Hausa a Landan, shi ya tsara shi a 1960 zuwa aji bakwai, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Ɗauki saye. Na saya. Na saye, ban bar ko ɗaya ba. Na sayar, abin ya bar hannuna. Na sayo, na taho da shi nan. Ya sayu, cinikin ya yiwu. Duk wanda ya yi Lamiyya zai ga dangantakar nan take: sayar da fitar suna aikin af'ala, sayu da gyaru suna aikin infa'ala. Ma'auni ne, irin na malaman sarafu, sai dai da murya ake auna shi. A ganina da ɗalibin Hisnur Rasin ne ya fara zama ya rubuta nahawun Hausa, da an riga Parsons da shekaru masu yawa, domin idon da ya saba da awo ya fi idon da ya saba da wutsiya dacewa da harshenmu. Ajin -o kuwa namu ne mu kaɗai a cikin ukun. Balarabe da Ba'italiye sai sun ƙara wata kalma kafin su ce abu ya nufo wajen mai magana. Sannan aikatau namu yana kallon abin da ke biye da shi, ba wanda ya gabace shi ba: na saya, na sayi goro, na saye shi. Paul Newman, wanda ya jagoranci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero a farkon shekarun 1970, ya ƙara aji na sifiri don gajeru irin su ci da sha da ja. M. K. M. Galadanci, ɗan birnin, ya fitar da nasa nahawun a 1976, kuma daga hannun tsararsu ne kalmomi irin su aikatau da wakilin suna da shuɗaɗɗen lokaci suka shiga aji.

Saura matsalar da ba a warware ba. Rubutun boko da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya shimfiɗa wa ƙa'ida a 1912, wanda Hukumar Fassara da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka yaɗa daga shekarun 1930, an gina shi a kan Hausar Kano, kamar yadda Bembo ya gina nasu a kan Filorens. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A Kananci kuwa "ya" huɗu ce. Akwai doguwa mai hawa: Audu ya zo, an gama. Akwai gajera mai hawa: Audu ne ya zo. Akwai gajera mai sauka: a ce wa Audu ya zo. Akwai doguwa mai faɗuwa: kwantar da hankalinka, ya zo in an jima. A baki ba mai rikita su. A rubuce kuwa harafi biyu ne kawai. Karanta wannan saƙon: "Alƙali ya ce ya biya." An shaida cewa mutumin ya biya ne, ko an umarce shi ya biya? Ko wannan: "Likita ya ce ta sha maganin." Ta riga ta sha, ko ta je ta sha? Wanda ke jinyar tsohuwa, saƙo ya zo masa a waya, yana iya ba ta magani sau biyu ko ya hana ta gaba ɗaya. Ɗaraba da ɗuriba ke nan sun dawo ta bayan gida.

Na'ura ta fi mu shan wahala. Manhajar juya aikatau ta Italiyanci aikin 'yan kwanaki ce ga mai koyo: tushe, jadawalin wutsiya, jerin masu taurin kai. Ta Larabci ta fi wuya, amma malamai sun riga sun rubuta dokokin, sai kwafa. Ta Hausa jadawalinta ƙarami ne, sai dai abin da ake ciyar da na'urar, wato rubutunmu na yau da kullum, ya riga ya shafe bambancin da ake so ta koya. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga fassarar na'ura ta mai da "Allah ya ba ka lafiya" labarin cewa ka warke, ko muryar da ke karanta rubutu ta karanta umarni da sautin labari.

Italiyawa suna da irin wannan tarko. Parlo ina magana, parlò ya yi magana. E da, è ne. Ba su ce a sa wa kowace kalma alama ba, sun sa ta a inda rashinta zai ɓata ma'ana, al'adar da ta fara ƙarfi tun bugun da Bembo ya shirya wa maɗaba'ar Aldo Manuzio a Venis a farkon ƙarni na 16. Ni ban ga abin da zai hana mu ɗaukar rabin wannan ba: alama ɗaya tak a kan lamirin fata da umarni, nà, kà, yà, tà, à, a bar sauran yadda suke. Madannan waya da suka iya ɗ da ƙ da ɓ ba za su gaza wannan ba. Masu cewa Bahaushe ba ya bukata suna da gaskiya a yawancin jimloli, domin mahalli yana warwarewa. Amma takardar magani da hukuncin kotu da yarjejeniyar bashi ba wuraren da ake barin mai karatu ya yi canki ba ne.

Abin dariya, waɗanda boko ya ture sun fi shi a wannan gaɓar. Ajami yana nuna tsawon wasali da alifi da wawu da ya, don haka malamin zaure da ke rubuta wasiƙa a takardar wata uku yana iya raba "ya biya" ta labari da ta umarni: ɗaya da alifi, ɗaya babu. A Nijar, bayan taron Bamako na 1966, an yi shekaru ana ninka wasali a littattafan yaƙi da jahilci, ana rubuta yaa, kafin a daidaita da tsarin Nijeriya a bar shi. Basakkwace kuma ko da boko ya rubuta bai shiga tarkon ba, don a bakinsa siffofin uku ne mabambanta: ya biya, shi ne yab biya, a ce mai shi biya.

Yau hanyar Agadas da Libiya ta sake buɗewa, amma mutane take ɗauka ba takarda ba, kuma ta juya arewa. Waɗanda suka tsira daga hamada da teku suka isa Italiya suna tarar da jadawalin Bembo yana jiransu: tun 2010 sai ka ci jarrabawar harshe a matakin A2 kafin a ba ka izinin zama na dogon lokaci, tun ƙarshen 2018 kuma matakin B1 ake nema ga mai son zama ɗan ƙasa. A Napoli, garin da samarin Kano suka sani ta ƙwallon ƙafa, akwai jami'ar L'Orientale da ta samo asali daga wata kwaleji ta 1732, inda aka daɗe ana koyar da Hausa. Sergio Baldi ya yi shekaru yana koyarwa a can, ya rubuta ƙamus da nahawun Hausa don masu jin Italiyanci. Andrea Brigaglia ya yi bincikensa a kan malaman Kano da tafsirinsu da rubutun hannunsu. Ɗaliban da ke koyon Hausa a irin waɗannan azuzuwa da alamomin sauti suke farawa, don haka tun a darussan farko suke ganin "ya" huɗu a allo, kowace da alamarta a ka.